Koren Zare a Hoton Agogo

Ƙarfe biyu na rana Sufeto ya shiga ɗakin marigayi mai gyaran agogo, ya tarar da duhu, an toshe tagogi da barguna. Warin man inji da tsohuwar takarda ya buge shi, irin na shagon da mahaifinsa ke kai rediyo gyara.

Mutum uku ke jiransa: Gwaggo, 'yar marigayin, wadda ta kai ƙara, ƙanenta Baffa, da ya gaji shagon, sai jikar gidan, Mai Hoto, sanye da baƙaƙen kaya.

"Ranka ya daɗe, ga ta nan," in ji Gwaggo. "Gobe za a aika wa babban yayanmu agogon aljihun Baba a ƙasar waje. Wannan 'yar bokon ta ce sai ta ɗauki kayan gado hoto tukuna. Ta kulle mu a duhu kamar kaji. Ana kunna wuta, babu agogo!"

"Shekara shida kina cewa aikina wasan yara ne, Gwaggo, na haɗiye," in ji Mai Hoto. "Yau kuma na zama ɓarauniya. Wannan kam ba zan haɗiye ba. Yallaɓai, a caje ni."

"Za mu zo kan wannan. Me ya sa sai a duhu?"

Ta nuna tebur: tabarau mai karyayyen hannu, gwangwanin ƙananan sukurori, da gurbin agogo a kan jan ƙyalle.

"Ina kafa kyamara a kan ƙafafunta, in bar idonta buɗe daƙiƙa talatin. Sai in ɗauki 'yar tocila in riƙa shafa haske a jikin kaya kamar mai fenti. Daga gefe nake haskawa, don kowane ƙarzane ya fito. Abin da haske bai taɓa ba, ba ya shiga hoto. Shi ya sa na sa baƙi."

"Kin yi musu wannan bayanin?"

"Sau biyu. Baffa ma sai da ya ce in maimaita."

Sufeto ya juya wajen Baffa. "Ina kake zaune?"

"Nan hagu, a kujerar Baba. Ko motsi ban yi ba, ranka ya daɗe."

Ya dubi Gwaggo. "Ke fa?"

"Dama, bakin ƙofa. Ni da wannan gwiwar, tashi ma sai da addu'a."

Sufeto ya ce a nuna masa hoton ƙarshe. Tun da aka fara ihu ba wanda ya duba shi. Tabarau ya fito tas, kamar mai shi zai miƙo hannu ya ɗauka. Agogon kuwa ya fito dishi-dishi, ana hango saƙar jan ƙyalle ta cikinsa.

"Na haska shi da farko," in ji Mai Hoto a hankali. "Da na zagayo ina haska ƙyallen, ashe ba ya wurin. A tsakiyar ɗauka aka cire shi."

"Kina ina a lokacin?"

"Bayan tebur, ga hasken tocilata yana zuwa daga can."

Sufeto ya matso da fuska. "Wannan koren zaren fa?"

Wani siririn layi ne, ya tashi daga fuskar agogon ya lanƙwasa ya fice daga hoton. Mai Hoto ta kama baki.

"Lambobinsa ne. In sun sha haske, sheƙi suke a duhu. Ina ƙarama Kaka kan lulluɓe mu da bargo ya nuna mini, ya ce taurari ya kama ya kulle."

"Zaren hagu ya nufa," in ji Sufeto.

Baffa ya yi dariyar yaƙe. "Haba, ranka ya daɗe, a kama mutum da zanen haske?"

"Agogon na aiki?"

"Ina!" in ji Gwaggo. "Tun ranar da Baba ya rasu ba wanda ya murɗa kansa ya yi masa wani. Mun bar shi tsaye haka."

"To kowa ya yi shiru."

Ɗakin ya yi tsit. Can sai ga shi, ƙasa-ƙasa, daga cikin hular Baffa: ƙis, ƙis, ƙis.

Baffa ya cire hular da kansa.

"Hannuna ne ya ci amanata," ya ce. "Shekara talatin da ɗaya, kowace safiya ni ke yi masa wani kafin Baba ya buɗe shago. Yana faɗowa tafin hannuna yatsuna suka murɗa, ban ma sani ba. Yaya ko bikina bai zo ba. A durowa zai jefa shi."

"Shi ne ka zuba ido ana ce wa 'yar ɗan'uwanka ɓarauniya?" in ji Sufeto.

Gwaggo ta soma, "Ai ni dama ban ce…"

"Kin ce, Gwaggo," in ji Mai Hoto. "Har a ofishin 'yan sanda, da sa hannunki."

Sufeto ya kira wani kofur daga waje, ya ce ya tafi da Baffa ofis ya ba da jawabi.

"Yallaɓai, kafin su tafi, ba ni daƙiƙa talatin," in ji Mai Hoto. "Baffa, riƙe shi yadda ka saba. Kada ka motsa wannan karon."

Aka ja ƙofa. Hasken tocila ya bi yatsun Baffa ɗaya bayan ɗaya, ya bi baƙin man da ya zauna a faratansa, ya tsaya a fuskar agogon. Kyamara ta yi ƙyas.

Baffa ya miƙa wa Sufeto agogon da hannu biyu. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe bakwai na safe ake yi masa wani. Murɗa goma sha biyu, kada a wuce."