Daƙiƙa Ukun Tawfiq

Tawfiq yakan bugi ƙirji ya ce a duk Abuja agogo ma yana ƙarya, ban da Ma'auni, 'yar manhajar da yake kula da ita a ofis. A baƙin allon kwamfuta ake buga sunanta tare da na wata manhajar, sai ta faɗi daƙiƙa nawa waccan ta ci kafin ta gama aiki. Da ita aka gwada aikinsa da na abokinsa Silas. Na Tawfiq ya fi sauri, aka ƙara masa girma. Silas kuwa aka sallame shi.

Wata magariba, a gidansa na Durumi, dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Sai na biyu. Sai na uku. Gida ya yi tsit. Washegari ma haka. Daga nan 'yarsa Najwa ta fara sandarewa tsakiyar magana, ido a kafe, numfashi a tsaye, daƙiƙa uku cif. Kullum abin sai ƙara yawa yake.

“Gajiya ce,” in ji Tawfiq. Matarsa Sa'adiya ta kirawo Malam Maharazu.

Malam ya daɗe yana karatu kafin muryar wani tsohon aljani ta fito daga bakin yarinyar.

“Me ta yi maka?” in ji Malam.

“Tambayi Oga. Duk awon da aka yi wa aikinsa, daƙiƙa uku yake yankewa. Ni kuma a numfashin 'yarsa nake cire su.”

“Kuskure ne a manhajar,” in ji Tawfiq.

“Kuskure mai ɗauke da sunanka a layin da aka ƙara wa manhajar?” in ji aljanin.

Aljanin ya so ya zauna har shekara biyu, daidai zaman da Silas ya yi a gida. Malam ya ƙi. Aka daidaita a kan abu biyu: Tawfiq ya goge layin, ya kira Silas ya faɗa masa gaskiya.

Tawfiq ya buɗe kwamfuta ya goge. Ya fita baranda da waya, ya jima, ya dawo yana share ido.

“Mun daɗe muna magana. Har kuka ya yi. Ya yafe.”

Najwa ta yi atishawa, ta nemi ruwa. Malam ya yi addu'a ya tafi.

Sa'adiya ta ɗauki wayar daga kan kujera, ta duba, ta juyo masa da fuskar wayar.

“Baban Najwa, waya ma tana auna lokaci.”

Kiran Silas, daƙiƙa uku.

Dutse ya faɗo kan kwano.