Kazar da Ta Bar Ƙwan Zabi

A wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa, a shekarun da hatsi ya yi wuya, an yi wani yaro mai saurin fushi. Yana zaune da kakarsa, Iya Barira, da ƙanensa Mati.

Da damina ta zauna, Iya ta samo ƙwan zabi goma, ta sa wa kazarta ta kwanta a kai.

"Maigidana," ta ce wa yaron cikin tsokana, "ga arzikinmu nan. Ka sa ido."

Wata safiya aka ba shi ɗumamen tuwo, bai fi loma huɗu ba. Ya ajiye, ya je wanke hannu. Ita ma kazar yunwa take ji. Ta sauko daga kan ƙwai, ta kifar da kwanon a ƙasa.

Ran yaron ya ɓaci. Ya rarumi muciya ya jefe ta. Kaza ta tsallake danga tana ɗingishi, ta shige gonar dawa.

Iya ta rufe ƙwan da tsohon zane. Ta ce, "In suka huce, shi ke nan, mun rasa su."

Yaron ya fashe da kuka. "Ni mugu ne, Iya. Ba ni da amfani."

"Kul! Mugu yana kuka saboda kaza? Fushi ne ya hau ka, kuma yana da magani. Me Malam Sama'ilu ya koya muku a makaranta?"

"Wanda ya yi fushi ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan. In yana tsaye ya zauna. Ya yi alwala."

"Ashe ka sani. Saura aikatawa."

Ya yi alwala, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ɗebi dusa ya shiga gona. Can ya hango kazar a gindin dawa.

Sai ga Mati a bayansa, yana masa ba'a. "Sarkin jifa! Har kaza ta fi ka wayo!"

Yaron ya sunkuya a fusace. Hannunsa ya kai ga wani hogen ƙasa. Amma ya san yana jifa, kazar za ta sake gudu. Ya yi a'uziyya, ya saki hogen, ya zauna a kan kunya.

Ya watsa dusa, ya yi shiru. A hankali kazar ta matso tana tsattsaga. Ya ɗauke ta, ya mayar da ita kan ƙwanta.

Bayan sati biyu, 'yan zabi bakwai suka fito. Uku ba su yi ba.

Iya ta dafa kansa. "Ukun nan fushi ne ya cinye su. Bakwai ɗin nan kuwa haƙurinka ne ya kawo su. Yanzu wane ne marar amfani?"

Yaron ya yi murmushi, ya miƙe ya ɗebo musu ruwa.

Yara, fushi ba ya mayar da mutum mugu. Amma wanda ya danne shi yadda addini ya koyar, zai tsira daga nadama, kuma zai ga darajar kansa.