Wutar da Jimet Ya Kashe

Ana gab da magariba, Kaltuma na sauke tukunyar esh, tuwon gero na dare, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Ta leƙa waje, ba kowa. Na biyu ya sauka cikin kofunan shayi. Mijinta Jimet ya ɗauka, ya yar da sauri. Dutsen sanyi ƙalau, alhali ana tsakiyar bazara.

Kwana tara ke nan da Jimet ya kashe wutar matatar mai. Shekara goma sha ɗaya harshen wutar nan na ci a kan dogon bututu, yana ƙone gas a banza, yana yi wa unguwa ruwan baƙin hayaƙi. A matatar yake aiki, kuma shi ya nace, ya sha zagin manya, har aka yarda aka juya gas ɗin ƙarƙashin tukwanen dafa ɗanyen mai. Maƙwabciyarsu Zenaba har da kawo masa kwanon kisar, siririyar wainar nan, ta godiya, don jaririyarta ta daina tarin da ke shaƙe ta.

Rana ta uku da fara jifan, 'yarsu Ashta ta kwanta. Bargo huɗu aka lulluɓa mata, haƙoranta na kaɗawa. Ba ci, ba magana. Kowace magariba duwatsu na zuba, gidan kuwa tsit.

Faki Adum, malamin unguwar, ya zo bayan la'asar. Ya daɗe yana karatu a kanta. Can bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Sanyi muke ji."

"Wace ce ke?" in ji Faki.

"Mai gidan da ubanta ya rushe. A wutar nan na haifi 'ya'yana. Ya murɗa ƙarfe ya kashe, ko bisimilla bai yi ba balle mu kauce."

"A hura miki gawayi kullum a bayan gari."

Ta yi wata dariya mara daɗi. "Gawayi? Faki, kai ma dai! Ya mayar da wutata, ko na tafi da ɗumin 'yarsa har na ƙarshe."

Faki ya ƙara karatu har muryarsa ta dushe. Iyakar saukowar da tsohuwar ta yi, ta yarda a mayar mata da rabin wutar.

Jimet ya tafi matata, ya buɗe abin da ya rufe da hannunsa. Kafin isha'i sama ta yi ja. Ashta ta yi atishawa, gumi ya karyo mata, ta ce, "Abba, ruwa."

Wallahi ya yi murna, kuma bai taɓa tsanar kansa kamar ranar ba.

Bayan mako guda Zenaba ta tare shi a ƙofa, jaririyar na saɓe a kafaɗarta, ƙirjin 'yar na kuka.

"Abu Ashta, wutarku ta dawo fa."

"Gyara ake yi," ya ce, idonsa a ƙasa.

"To yaushe za a gama?"

Daga cikin gida Ashta ta ƙwala masa kira, wai shayinsa na hucewa. Ya shiga, ya mayar da ƙofa.