Duwatsun Gindin Aduwa

Ramla ta tsaya a bakin ɗakin Kaka Habi. Salular Muktari na hannun tsohuwar, ta kai ta dab da ido.

"Wanga shi na mutumin naki?"

"Shi na, Kaka..."

"To ki hwaɗa mishi kada ya ƙara taka gidan ga."

A hoton, Rissa ne tsaye da rawaninsa yana murmushi, hannunsa a kan tarin duwatsu da ya kai masa ƙugu. Ramla ce ta ɗauka da kanta kwana biyar da suka wuce, ranar da su da sauran malaman lakwal ɗinsu, wato makarantarsu ta Tawa, suka hau tudun bayan Barmou yawon buɗe ido. A can sama kufan tsohon garin su Kaka yake, wanda aka watse daga cikinsa tun Kaka na budurwa, da rijiyarsa ta ƙafe.

Shi Rissa ɗan makiyayan arewa ne. A wajensu, duk inda hanya ta shiga duwatsu ana tara alama, kuma wanda ya tarar da ita a rushe, shi ke da alhakin tayar da ita saboda na baya. Ya ga duwatsu a baje a gindin wata aduwa, ya naɗe hannun riga ya jera su tsaf. Ashe ba alamar hanya ba ce, kewayen kabarin mahaifiyar Kaka ne.

Muktari, ɗan baffan Ramla, wanda ya yi shekara uku yana nacin neman aurenta tana ce masa yaya, shi ya tsinci hoton a wasap ya gane aduwar. Ya taso tun daga Tawa wai ya zo gaishe da tsohuwa. Gaisuwa dai!

Saura mako biyu a sa ranar auren Ramla da Rissa. Baban Ramla ya ce shi ba ya tsallake maganar uwarsa, an dakatar.

Ramla ta shiga bayan rumbu ta kira Rissa, kuka ya hana ta jera magana. Da ya fahimta, ya ce:

"Kabari na taɓa, Ramlata?"

Muryarsa ce ta fi karya mata zuciya. Bai kare kansa ba, bai zagi Muktari ba. Ya ce yanzu zai tafi ya mayar. Ta ce ai ban da Kaka ba wanda ya san mazaunin kowane dutse. Ya ce to zai jira, ko shekara ce.

Washegari Kaka ta tashi da rigima, sai ta je ta ga ɓarnar da idonta. Aka yi lallashi, aka ambaci gwiwa, aka ambaci rana, tsohuwa ta ɗauki sandarta. Ramla ta saci jiki ta tura wa Rissa saƙo. Muktari ya kai su da mota har bakin tabkin da ke gindin tudun, ya ɗaga kai ya dubi hawan, ya dubi takalminsa mai ƙyalli, ya ce gara ya tsaya gadin mota.

Suka fara hawa su biyu. Taku goma, hutu. Kaka na haki tana nuna wurare da sanda: nan suke wanki, can ake saran dutsen niƙa. Ƙasa da su tabkin ya shimfiɗe, shanu sun yi masa layi a baki. Ramla ba ta ga kyan komai ba, tunaninta ɗaya ne, yau za ta rasa Rissa ko ba za ta rasa shi ba.

Inda hanya ta rabu uku tsakanin manyan duwatsu, Kaka ta tsaya. Ta dubi dama, ta dubi hagu. Shekara ashirin rabonta da hawa, ruwa ya cinye tsohuwar turba. Kunya ta hana ta cewa ta ɓata, sai leɓenta da ke motsi.

Nan Ramla ta hango ƴan duwatsu uku, ɗaya bisa ɗaya, ƙasar gindinsu sabuwar tonawa. Gaba kaɗan ga wasu. Suka bi, alamun na kauce wa gangare suna zagawa ta inda tsohuwar ƙafa za ta iya. Kaka ba ta tambayi mai aikin ba, Ramla kuma ba ta faɗa ba.

A sama, ganuwar duk ta zube sai guntun bangon masallaci da bakin rijiya. Rissa na durƙushe nesa da aduwar, ba takalmi. Ya sauke tarin, ya jera duwatsun a gefe, bai mayar da ko ɗaya ba. Ya gaishe ta kansa a ƙasa, ta ƙi amsawa.

Ta daɗe tana kallon filin da babu komai. Can ta nuna wani dogo mai jan baki da sanda.

"Wancan wajen kai shi ke. Ni na ɗauko shi daga rijiya, ina da shekara goma sha huɗu."

Rissa ya ɗauke shi da hannu biyu. Ta ce matsa, ya matsa. Ta ce juya shi, ya juya. Dutse bayan dutse, har rana ta take tsaka, tana faɗar wanda ya kawo kowane, kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Yatsansa ya fashe, bai kula ba. Ramla na gefe tana share hawaye, son da take masa ya cika mata ƙirji.

Suka yi addu'a. Da Kaka za ta miƙe, Ramla ta kai mata hannu, ta ture shi.

"Kai, zo ka tada ni."

Ya zo, ya riƙe ta a hankali. Ta ɗaga kai ta dube shi, karo na farko.

"Ni ba ni ƙara hawan tudun ga, na sani. Ɗiyana ko, hanya ba su gane ba." Ta nuna Ramla da haɓa. "In ta haihu, kai za ka kawo su. Ka hwaɗa musu, mai kabarin ga sunanta Salamatou."