Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Tsakanin hawa na biyu da na uku lifta ta tsaya da Auta, tana rungume da tiren kwalabe goma sha biyu na jinin marasa lafiya, kowace da shuɗin murfi. Ta danna ƙararrawa har yatsanta ya yi zafi. Sai bayan minti ashirin aka ɗaga wani murfi a rufin, fuskar wani saurayi ta leƙo, da baƙin mai a gefen hancinsa.

"Sannu da haƙuri. Mutum nawa ne a ciki?"

"Mu goma sha uku ne," in ji ta. "Sha biyun ba sa magana, amma sun fi ni sauri."

Dariya ta kusa sa ya saki sifanarsa a kanta. Ta gaya masa jinin nan yana da awanni ƙidayayyu kafin ya lalace, kuma ba a son a girgiza shi. A hankali ya sauko da liftar, ko kwalba ɗaya ba ta motsa ba. Da ƙofa ta buɗe ya ce yana buƙatar lambarta saboda rahoto. Ta san ƙarya yake yi, ta ba shi.

Tana isa ɗakin gwaje-gwaje saƙo ya shigo.

"Injiniyan lifta ne. Ina tambayar lafiyar mutum goma sha biyu. Ta sha ukun ina tsoron tambaya."

Ta amsa: "Sha biyun lafiya lau. Ta sha ukun tana aiki, kar a dame ta kafin ƙarfe huɗu."

Ƙarfe huɗu da minti ɗaya ya kira.

Daga ranar liftar asibitin ta fara buƙatar dubawa sau uku a mako. Ya sa mata suna Shuɗiya, ita kuma ta ce da shi Mai Sifana. Wata rana suna zaune a bencin bayan kanti ya tambaye ta me take aunawa a kwalaben nan. Ta ce daƙiƙa nawa jini ke ɗauka kafin ya daskare.

"Hanta ce ke ƙera furotin ɗin da ke daskarar da jini," ta ce, "amma sukan fito ba ƙugiya. Bitamin K ne ke bi ya gyara wani amino asid a jikinsu, gulutamet, ya ƙara masa hannu. Da hannun nan suke kama kalsiyam, kalsiyam ya manna su a bakin ciwo. In babu bitamin K, ga su nan birjik cikin jini, amma ba sa iya riƙe komai."

"Ikon Allah. Abin da Baba ya yi shekara talatin yana koyarwa ke nan, ban taɓa ganewa ba sai yau."

Ya ciro waya ya nuna mata hoton mahaifin nasa. Auta ta dubi tabarau ɗin, ta dubi siririn bakin, ta ji lemon da ke hannunta ya koma ruwan banza.

Shekara bakwai da suka wuce tana aji biyu a karatun likita. Kwana biyar da binne mahaifinta ta shiga jarrabawar baki, zaure cike da ɗalibai. Farfesa, mutumin da ke cikin hoton nan, ya tambaye ta me bitamin K ke yi wa furotin ɗin daskarar da jini. Ta san amsar kamar sunanta, amma bakinta ya ƙi buɗuwa. Ya cire tabarau ya ce, "Wannan kan naki, kitso kawai ya dace da shi. Na gaba." Zaure ya kwashe da dariya. Maki biyu suka rage mata, aka cire ta daga karatun likita aka mayar da ita sashen gwaje-gwaje. Tun daga nan babu ranar da ba ta amsa tambayar nan a ranta, kuma babu ranar da ta yafe. Ni dai ban ga laifinta ba.

Ba ta gaya wa Injiniya komai ba. Ta je ta gaya wa Ummanta.

Umma ta ce ɗan mutumin nan ba zai taka mata tabarma ba. Ita ce ta ga 'yarta ta yi shekara guda tana cin abinci kamar magani. Kuma ga Likita da take yi wa 'yarta sha'awa, tsohon ɗan ajin Auta, yaro mai ladabi, duk mako sai ya zo ya auna mata hawan jini. Auta ba ta taɓa gaya mata cewa muryar Likita ce ta fi ta kowa tashi a dariyar ranar nan ba.

"Umma, ki bar ni da su," ta ce. "Zan bari su zo har falon nan neman aure, Farfesa a gaba. Sannan Kawu ya ce masa kan 'yarmu na kitso ne, bai dace da gidan ilimi ba. Ina so in ga fuskarsa daga bayan labule."

Umma ta yi murmushin da ta daɗe ba ta yi ba.

Dabara ce mai kyau, in da Injiniya mugu ne. Amma mutum ne da Umma za ta amsa gaisuwarsa da rabin baki, ya lura ƙofar firij ba ta rufuwa, washegari ya zo da sabuwar roba ya gyara bai ce uffan ba. Ya haddace launin murafan kwalabe don kawai ya ji daɗin labarinta. Saƙonninsa kuwa ba a magana.

"Shuɗiyata, yau na gyara lifta uku, babu wadda ta tsaya da ke a ciki. Aikin banza."

"Allah ya shirye ka, Mai Sifana. Ka ci abinci?"

Duk wadda ta fara tambayar namiji ko ya ci abinci, ramuwarta ta shiga uku. Auta ta sani, haushin kanta ya ishe ta. Da ta ji zuciyarta ta yi laushi sai ta tuno zauren. Farfesa ma ya taimaka mata, don da ɗansa ya kai masa maganar auren, cewa ya yi shi likita ya so ya samu a matsayin suruka, ba mai wanke kwalabe ba.

Umma kuwa daɗin shirin ya yi mata yawa. Wata rana Likita na naɗa mata abin awo a hannu ta ce ya kwantar da hankalinsa, ai ba auren yaron za a yi ba, ta zayyana masa komai. Kafin la'asar Likita ya tare Injiniya a wurin ajiye motoci ya kwashe komai ya gaya masa.

Da aka tashi aiki Injiniya yana tsaye a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, babu murmushi.

"Gaskiya ne?"

"Da farko gaskiya ne."

"Yanzu fa?"

Kalma biyu kawai ake nema. Bakinta ya ƙi buɗuwa, girman kai ya zauna a kai. Ya jira, ya gaji.

"Ni ban yi miki komai ba, Shuɗiya," ya ce. "Ƙofa kawai na buɗe miki."

Mako uku babu kira babu saƙo. Wani tsoho aka turo yana duba liftar. Ta rubuta "Ka yi haƙuri" ya fi sau ashirin tana gogewa. Ta yi kewarsa har abin ya ba ta tsoro, sai ta tattara zafin duka ta ɗora wa Farfesa da Likita.

Ranar wata Talata ta dawo daga cin abincin rana ta tarar da kwalba mai shuɗin murfi a kan tebur, jinin bai kai rabi ba. Abokiyar aikinta ta ce Likita ne ya kawo da kansa, ya tsaya mata a ka sai da ta sa a na'ura, sakamakon har ya hau sama ɗakin marar lafiyar. Auta ta juya kwalbar ta karanta sunan. Farfesa ne.

Ta buɗe fayil ɗinsa a kwamfuta. An kwantar da shi saboda zazzaɓi. Yana da bawul na ƙarfe, wato 'yar ƙofar jini, a zuciya, yana shan maganin tsinka jini, wanda ke hana bitamin K aikinsa don kada gudan jini ya taru a kan ƙarfen. Sakamakon ya nuna jininsa ya tsinke fiye da kima, Likita ya rubuta a yi masa babbar allurar bitamin K. Amma sakamakon ƙarya ne. In aka yi allurar, jinin da yake daidai zai yi kauri, gudan jini na iya toshe bawul ɗin.

Ba ita ta ɗebi jinin ba, ba ita ta auna ba, babu sa hannunta ko'ina. Ta zauna tana kallon agogon bango. Minti huɗu ta yi a zaune.

Sannan ta ɗauki kwalbar ta hau sama da gudu.

Ɗakin cike yake. Ɗalibai sun kewaye gadon, nas ta zuƙi allura, Likita na bayani da murya mai daɗi. Injiniya na tsaye jikin taga. Auta ta ajiye kwalbar a kan teburin gado ta ce kar a yi allurar nan.

"Malama, aikinki a ƙasa yake," in ji Likita.

Farfesa ya ɗaga hannu da ƙyar. "Bar ta. Me ya sa?"

"Ruwan da ke cikin kwalbar nan kalsiyam yake kamewa don kada jini ya daskare a hanya," ta ce. "An auna shi ne don cikakkiyar kwalba. In jini ya zo rabi, ruwan ya yi yawa, ya cinye har kalsiyam ɗin da na'ura ke ƙarawa. Hannayen da bitamin K ya ƙera wa furotin sai su rasa abin kamawa, na'ura ta ce jini ya tsinke. Jininka bai yi laifi ba, ranka ya daɗe. Mai ɗiban ne ya yi gaggawa."

Ita da kanta ta ɗaure masa hannu, ta nemo jijiya, ta cika sabuwar kwalba har layi. Cikin rabin awa sakamako ya dawo daidai inda ake so. Akwai takardar da ake cikewa in an yi kuskuren ɗiban jini, Likita ya laluba aljihu ya ce bai zo da biro ba. Ta miƙa masa nata, ta tsaya har ya sa hannu a gaban ɗalibansa. Daɗin da ta ji ba ƙarami ba ne.

"Yarinya, wa ya koyar da ke?" Farfesa ya tambaya.

"Kai ne."

Ya gyara tabarau ya dube ta da kyau. "Ban tuna ki ba."

Shekara bakwai tana ɗauke da shi a ƙirji, shi ko fuskarta bai riƙe ba. Ta maimaita masa maganarsa kalma bayan kalma, ta gaya masa kwana nawa ne da binne mahaifinta a ranar.

"Na faɗa wa yara da yawa irin wannan," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ban taɓa tambayar inda suka tafi da ita ba."

A baranda Injiniya ya cim mata. Ya ce da ta yi shiru babu wanda zai sani.

"Na yi shirun," ta ce. "Minti huɗu. Gara ka san irin macen da ka so."

"Me ya tashe ki?"

"Na san yadda rashin uba yake, ban so maka ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ina sonka, Mai Sifana. Amsar da ka nema ke nan, ta makara."

"Ba ta makara ba, Shuɗiyata. Ina nan inda kika bar ni."

Da aka sallami Farfesa ya zo gidansu da ƙannensa biyu. Umma ta bar su a falo awa ɗaya da kwata, fanka a kashe, tana ɗaki tana ninke kayan da ta riga ta ninke. Farfesa bai duba agogo ba ko sau ɗaya. Kawu ya leƙo ya tambayi Auta wace amsa zai bayar, tsohuwar ko akwai sabuwa. Ta ce a ba su. Likita kuwa ya daina zuwa awo, Umma ta sayi na'urarta.

Ranar biki rabin zauren tsofaffin ɗaliban Farfesa ne. Da aka ba shi makirufo ya yi wa ango da amarya addu'a, sai ya ƙi zama. Ya faɗi abin da ya ce wa amaryar tana ɗaliba, bai rage ko kalma ba. Ya ce a gaban jama'a ya yi, a gaban jama'a yake roƙo.

"'Yata, ki yafe mini."

Auta ba ta yi sauri ba. Ta bar shi tsaye har Injiniya ya matsa mata yatsa a ƙarƙashin tebur. Sannan ta miƙe ta karɓi makirufon.

"Na yafe rabi, Baba," ta ce. "Sauran rabin sai a hankali. Ai yanzu gida ɗaya muke."

Zaure ya ɗauki dariya da tafi, wasu daga cikin tsofaffin ɗaliban suna share hawaye. Farfesa ya gyaɗa kai ya ce ya karɓa, ya fi abin da ya cancanta. Umma ce ta fara tasowa. Ta haɗa hannun 'yarta da na angon ta riƙe.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai jin ƙai," ta ce. Ta juya wajen Farfesa. "Kai kuma Allah ya ba ka tsawon rai, ka ga sauran rabin."

Amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi.