Ranar da Wutar Unguwa Ta Mutu

A wani zamani da yaƙi ya yi tsanani, wani azzalumin shugaba ya kafa doka cewa duk wanda sojojinsa suka kashe, ba a zuwa gidansa gaisuwa. Wanda ya je, ɗauri ne.

Ana nan sai suka kashe wani maƙeri. Matarsa ta zauna makoki ita kaɗai, soja na tsaye a ƙofar gida.

Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta kasa haƙuri. Ta sheƙa wa murhunta ruwa, ta ɗauki kasko ta nufi gidan.

Sojan ya ce, "Iya, ina za ki?"

Ta ce, "Wutata ce ta mutu, ɗan nan. Ko ɗiban wuta ma an hana?"

Ya ƙyale ta, ta wuce. Ta zauna ta riƙe hannun matar, suka yi kuka tare, sannan ta fito da garwashi.

Washegari wata ta zo da kasko, wata ma ta zo, wata ma ta zo.

Sojan ya ce, "Wai duk unguwar nan wuta ta mutu?"

Tsohuwa ta ce, "Duk ta mutu, ɗan nan. Gidan nan kaɗai ke da ita."

Ya dubi matan, ya sunkuyar da kai, ya matsa gefe.