Wanda Ya Motsa Ba Ya Fitowa

"Zabuna ce."

Da kunnena na ji shi. Ina tsaye a shagonsa na Kasuwar Libiya da ke Omdurman a Sudan, riƙe da kofin shayin da shi da kansa ya sa aka kawo min, sai ga yayansa Saifuddeen ya shigo, ya nuna ni da haɓa. Muhajir ya buɗe baki ya ce zabuna ce, wato mai sayen kaya. Ni Kubura, da muka shekara biyu muna soyayya! Ni da ya rantse min a bakin Nilu cewa ko a ƙarshen duniya Gusau take sai ya je ya gaida Babana!

Saifuddeen ya dube ni sama da ƙasa, ya karɓi abin da ya zo karɓa, ya fice. Ya san ko ni wace ce sarai. Duk gidansu sun sani, yi suke kamar ba su sani ba.

Na dire kofin a kan gilashin da yake jera wayoyi.

"Kubura, habibti, ma'alish... wallahi bakina ne ya suɓuce. Kin san Yumma da hawan jini, in Yaya ya kai mata labari yanzu..."

"Jibi jirgina zai tashi, Muhajir."

"Na sani."

"Ka sani? Tun yaushe kake ce min gobe za ka yi mata magana? Na yi jarrabawar ƙarshe kana cewa gobe. Na karɓi takardar shaidar gama karatu kana cewa gobe. Baba ya turo tikiti, har yanzu goben nan ba ta waye ba!"

"Ki yi ƙasa da murya, mutane suna..."

"Su ji mana! Da Hausa nake magana, ba zagi nake yi ba."

Ya yi wuƙi-wuƙi da ido yana kallon ƙofa. Abin haushin, ko a haka ma sai da ya yi min kyau, kuma na ji haushin kaina da na lura.

A shagon nan muka haɗu. Shekarata ta biyu a jami'a a Khartoum, na shigo neman batirin kyamara, ina ta fama da Larabcina na cikin aji, sai ya yi dariya ya ce, "Yi Hausarki, 'yar uwa." Ashe Bahaushe ne haifaffen unguwar Kalakla ta nan Khartoum. Kakanninsa da ƙafa suka taso za su Makka, hanya ta ƙare musu a gonakin audugar Jazira.

Mahaifiyarsa, Hajja Mariyamu, wadda suke kira Yumma, ita ta riƙe su da sana'ar abinci tun rasuwar babansu. Muhajir ko tari ta yi sai ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin laifinsa a kan wannan ba, yana ma cikin abin da ya sa na so shi. Amma ita ta ce ba za a kawo mata ajnabiyya gida ba, baƙuwa mai fasfon wata ƙasa. Shi kuma maimakon ya tsaya ya yi mata bayani, sai ya koyi ɓoye ni.

Na saɓa jakata.

"Yau sha huɗu ga wata," na ce. "Bayan isha'i zan je Ƙubbar Mahadi in ɗauki hotonta a farin wata. Shi kaɗai ya rage min a ƙasar nan. In za ka zo, ka fara faɗa wa Hajja inda za ka da wadda za ka gani. In kuma ƙarya za ka yi mata, ka yi zamanka."

"Kubura, ki ba ni lokaci..."

"Na ba ka shekara biyu."

Sai da na shiga raksha, irin Keke Napep ɗinmu, sannan na bar hawayen suka zubo. Wallahi ban yarda ya gan su ba.

Da na isa filin da ke gaban ƙubbar na tarar an ɗauke wutar unguwar. Mutane suna ta mita, ni kuwa har da hamdala. Wata ya fito tar, ƙubbar tana ƙyalli kamar sabon kwanon silba da aka kife. Sau da yawa na zo wurin da rana, zafi da ƙura ba su taɓa barina na kalle ta da kyau ba. Yau kam sai da na tsaya na ƙare mata kallo.

Masu shayi sun kunna 'yan fitilunsu can gefe, iyalai suna zaune a kan tabarmi, ƙamshin gahawar da suke kira jabana da na turaren wuta ya cika wurin. Na kafa ƙarfen nan mai ƙafa uku, wanda Muhajir ya ba ni kyauta a sallar bara, na ɗora kyamara.

Hoton farin wata ba kamar na rana ba ne da ake ƙyas a wuce. Hasken kaɗan ne, dole a bar idon kyamara a buɗe kusan rabin minti yana tattara shi. Duk abin da ya tsaya cik zai fito raɗau. Wanda ya motsa kuwa sai ya zama hayaƙi, ko ma ya ɓace ɗungurungum.

Na ɗauki na gwaji. Mutane sun yi ta gittawa ta gaban kyamarar, amma da na duba babu ko ɗaya. Ƙubba ce kawai da wata da fili fetal.

Na ɗauki na biyu, na uku. Ina duba hoton, amma kunnena yana kan titi. Na gaya wa kaina ko bai zo ba ba zan mutu ba, zan koma Gusau in rungumi aikin asibiti, in manta da wani mai shagon waya. Ƙarya nake yi, kuma na san ƙarya nake yi.

"Zabuna, an gama sayayyar?"

Na juya. Yana tsaye cikin farar jallabiya, yana haki kamar daga Kalakla da gudu ya zo.

"Kar ka yi min wasa. Ka faɗa mata?"

"Na faɗa."

"Me ka ce?"

"Na ce Yumma, zan je Omdurman wurin Kubura, ita nake so, ita zan aura."

"Ita fa, me ta ce?"

"Ko kalma. Ta dai ce wa Yaya ya miƙo mata mayafinta. Ni kuma na fito."

Na so in yi ihu, na so in yi kuka, amma na dake. Faɗa a ɗaki daban, tsayawa a bainar jama'a daban, kuma ni na san mutumina.

"To zo ka tsaya nan," na ce. "Hoto ɗaya, ni da kai da ƙubba. Amma ka ji da kyau, in fitilar nan ja ta daina ƙiftawa, ba motsi har sai ka ji ƙyas. Wanda ya motsa ba ya fitowa."

"Ko sauro ya cije ni?"

"Ko kunama ce."

Na saita agogon kyamarar, na dawo da sauri na tsaya gefensa, tsakaninmu kamar taki ɗaya. Fitilar ta yi ta ƙiftawa, sannan ta tsaya.

A daidai lokacin aka buga ƙofar mota a bakin titi.

"Muhajir!"

Ban taɓa jin muryarta ba, amma ba sai an faɗa min ba. Ta gefen ido na hango mace cikin farin tob, dogon mayafin nan na matan Sudan, tana tahowa da sauri, Saifuddeen a bayanta.

"Muhajir! Ta'al, zo nan!"

Na ji numfashinsa ya canja. Yaron da ba a taɓa kiransa sau biyu ba! Zuciyata ta karye, na ce shi ke nan. Ban motsa leɓena sosai ba na ce, "Je ka in za ka."

Ta cikin haƙora ya amsa, "Yi shiru, za ki ɓata mana hoto."

Ta iso. Ta cafki hannun jallabiyarsa ta ja, ko gezau bai yi ba. Ta sake ja. Idonsa yana kan kyamara, hawaye yana gangarowa a kuncinsa, amma ya kafe kamar an dasa shi. Sai ta daina ja. Ta tsaya a gefensa riƙe da rigar, tana kallon fuskarsa kamar yau ta fara ganinta.

Ƙyas.

Nan take ya zube ƙasa ya kama ƙafarta.

"Yumma, ki yafe ni. Ban taɓa barin ki kira ni sau biyu ba, kin sani. Amma in na tafi yau, na zama maƙaryaci har abada."

Ba ta ko dube shi ba. Ni ta juyo wa.

"Ke ce?"

Na russuna na gaishe ta, kamar yadda aka koya min a gidanmu. Sannan na miƙe, na dube ta.

"Ni ce, Hajja. Sunana Kubura, 'yar Malam Ishaku ta Gusau. Ni ba zabuna ba ce, kuma ba sata na zo yi ba."

"Ji baki!" Saifuddeen ya ce. "Ke, goge hoton nan yanzu, halas!"

"Ba zan goge ba, Yaya."

"Me kika ce?"

"Kyamarata ce, fuskata ce. Ba zan goge ba."

Ya yo kaina, Muhajir ya miƙe ya shiga tsakani. Hajja ta ɗaga hannu, duk suka tsaya.

"Ke yarinya, me kika sani?" Hajja ta ce. "Audugar Jazira ta ci yatsun uwata, ta ci nawa. Mun sha wuya kafin a daina tambayarmu yaushe za mu koma garinmu. Yanzu 'ya'yana sun zama 'yan ƙasa, sai ki zo ki tuna wa mutane?"

"Hajja, ni ma Hausar da kike ji ita nake ji. Ban ga abin kunya a ciki ba."

"Bar wannan!" Ta dafe ƙirji. "Ubana ya bar uwarsa a Haɗeja, ya ce zai je ya dawo. Har ya mutu yana kiran sunanta. Ko kamanninta ba mu sani ba. Hanyar nan ba ta mayar da mutum, ni na sani. Za ki ɗauke min ɗa ki yi yamma da shi, in mutu ban sake ganinsa ba."

Nan jikina ya yi sanyi. Duk tsawon lokacin nan na ɗauka ƙiyayya ce, ashe tsoro ne. Tausayinta ya kama ni, amma ban ja da baya ba.

"Ban taɓa cewa sai ya bar ki ba, Hajja. Ki tambaye shi. A nan na yi karatun jinya, a nan ma akwai marasa lafiya. Abu ɗaya na ce, ba zan zauna a ɓoye ba. Ina son ɗanki, wallahi ina son shi, amma da a ɓoye ni gara in koma gidan ubana in yi kukana."

Har masu shayi sun daina kaɗa cokali.

Can ta ce, "Nuna min abin da kika ƙi gogewa."

Na juyo mata da bayan kyamarar. Ƙubba ta fito fes, wata a samanta. Ga ni, ga Muhajir, har layin hawayen da ke kuncinsa ana gani. Saifuddeen da ya yi ta kai da kawo babu shi ko alama. A gefen Muhajir kuwa ga wata farar inuwa mai siffar mace, riƙe da hannun rigarsa, ana hango katangar ƙubbar ta cikin jikinta.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce, Hajja."

"Me ya sa na fito haka, kamar wadda ta riga ta mutu?"

"Ba ki tsaya tun farko ba. Sai daga ƙarshe kika tsaya, shi ya sa rabinki ne kawai ya fito."

Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta taɓa fuskar ɗanta, sannan ta taɓa inuwar. Na ga leɓenta yana motsi, ban san ko addu'a take yi ba ko sunan kakar nan tata ta Haɗeja take kira.

Ta ja hanci, ta gyara tob ɗinta.

"Sake ɗauka."

"Yumma?" Muhajir ya ce.

"Na ce ta sake! Ba zan fito kamar aljana a hoton ɗana ba, jikokina su zo suna tambaya wace ce wannan." Ta nuna ni da yatsa. "Kuma ke mai baki, ban ce na yarda ba. Ubanki ya turo manya su same ni a Kalakla, su zauna a tabarmata su sha jabana. Ba a waya ba."

"To, Hajja," na ce.

"Kai kuma Saifuddeen, ko ka tsaya ko ka koma mota."

Ya yi ƙunƙuni, amma ya zo ya tsaya a baya yana hura hanci.

Na je na saita agogon. Da na dawo zan tsaya a inda nake ɗazu, sai ta shiga tsakanina da Muhajir, ta riƙe hannunsa da dama, ta laluba ta kama nawa da hagu. Tafin hannunta kaushi gare shi, riƙon kuma ba na wasa ba ne.

Fitilar ta daina ƙiftawa. Hawaye ya cika min ido, na ji yana shirin zubowa.

Ba ta juyo ba, ta matse min yatsu ta ce ƙasa-ƙasa, "Kar ki kuskura ki motsa, 'yar nan."

Ban motsa ba.